Shekarar da Na Auna Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa. 'Ya'yana, kun tashi kuna jin zancen filin fadama daga bakuna daban-daban, kowa da irin nasa. Wasu sun ce muku sayar da shi na yi a ɓoye na cinye kuɗin a birni. Wasu sun ce boko ne ya juya mini kai har na kunyata mahaifina a gaban talakawansa. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta san yadda abin ya faru, amma ba ta son a tada shi, ni kuma na bi ta a kan haka. Yanzu ga ido ya fara rauni, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Don haka za ni faɗa muku shi yadda ya auku, ku ji daga bakina.

Mahaifina shi ne Magajin garinmu, wani ƙauye a bakin gulbi tsakanin Isa da Sabon Birni. Mu biyu ne maza da muka rayu a ɗakinmu: Yaya Ummaru, wanda ya ba ni shekaru da dama, sai ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina cikin tsumma, aka rasa mai shayar da ni a cikin gida, sai aka kai ni wurin Inna Tumba a Rinji, wadda ta haifi ɗanta Nomau a watan da aka haife ni. Rinji unguwa ce a kan tudu, bayan gari. Kakannin mutanenta bayin gidanmu ne. Bauta ta daɗe da ƙarewa, kuma ban taɓa jin Baba ya furta wannan kalma a kansu ba, “mutanenmu” yake cewa. Masallacinmu ɗaya da su, maƙabartarmu ɗaya. Amma ba a aure tsakaninmu, kuma idan dattijon Rinji ya shigo zauren Baba, ko tabarma na shimfiɗe ba kowa a kanta, a ƙasa yake zama. Ni da Nomau mun sha nono ɗaya, mun yi kiwon awaki tare, mun sha bulalar malam ɗaya. Da aka zo neman yaran boko aka ce gidan Magaji ya fara ba da ɗa, sai aka ba da ni. Daga nan hanyarmu ta rabu.

Al'adar gidanmu ce idan ɗa namiji ya yi aure, uba ya yanka masa fili a fadama ya zama nasa. Da na auri mahaifiyarku, ina ɗalibi a jami'a, Baba ya yanka mini nawa a jikin na Yaya Ummaru. Yaya ne ke noma mini shi da rani tare da nasa, albasa da alkama da ɗan taba, ana ban ruwa da jigo. Idan ya kai kaya kasuwar Sabon Birni ya sayar, sai ya aiko mini da rabona, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tauye ni ba. Da wannan muke ci ni da mahaifiyarku a ɗan ɗakin hayarmu. Ina so ku riƙe wannan game da shi, domin za ku ji wasu abubuwan a gaba.

A jami'a ilimin ƙididdiga na karanta. Akwai wata dabara a cikinsa da Turawa ke kira rigireshan. Ni da na daɗe ina koyar da ita, awon alaƙa nake ce mata. Ga yadda take. Ka samu gidaje masu yawa, kowane gida ka yi masa ɗigo a kan takarda. Gwargwadon girman gonarsa ka matsa dama, gwargwadon abin da ya samu a shekara ka hau sama. In ka gama, sai ka ga ɗigon sun watsu kamar an zuba gero a faifai, amma sun karkata wani waje. Sai ka ja layi ɗaya da ya fi kowane layi kusa da su gaba ɗaya. Karkatar wannan layi ita ke gaya maka yadda samu ke ƙaruwa idan gona ta ƙaru. Babban amfaninta shi ne tana ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda ta ware wa kowanne rabonsa. Kamar a ce ga gidaje biyu, gonarsu daidai, majiya ƙarfinsu daidai, dabbobinsu daidai, karatunsu daidai, asali kaɗai ya raba su. To, samunsu zai bambanta? Wannan tambayar na zaɓa don aikin digirina na biyu. Amsar da nake sa rai kuwa ita ce a'a. Na yarda a raina zamani ya riga ya share wannan, abin da ya saura ƙwazo ne da rabo. Ina so in nuna wa malamaina, waɗanda yawancinsu ba mutanen ƙasarmu ba ne, cewa Gobir ba yadda suke zato take ba.

Na sauka gida don tattara bayanai a shekara ta biyu ta fari. Damanar farko ta yi ƙaranci, mutane suka ci abin da ke rumbu. A ta biyu ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Daga arewa, ta wajen Nijar, mutane suna ta gangarowa da raƙuma da jakuna da ba su ɗauke da komai sai tabarmi da yara. Mushen shanu na kwance a gefen hanya, ungulu ma sun ƙoshi sun bar su. A kasuwar Bafarawa na ga Bafulatani ya ba da saniyar da ke iya tsayuwa da ƙyar, ya karɓi hatsin da zai iya ɗauka a kafaɗa. Mata suna fita tun asuba tsintar karangiya da tonon gidan tururuwa, su kwaso 'yar ƙwayar da ta tara. Baba ya buɗe rumbun gandu. Kullum da hantsi yana zaune ƙofar gida da ƙwarya a hannunsa, yana auna wa mata da kansa, na gari da na Rinji da baƙi, ba ya tambayar kowa daga ina.

Cikin wannan hali na hau keke da takardun tambayoyi a jaka ina bin ƙauyuka, daga Gangara har bayan Isa. Mutanenmu ba albashi suke ɗauka ba, don haka samun gida sai an bi shi ɗaya-ɗaya: damman gero da dawa, wake, dabbar da aka sayar, cin rani, sana'ar matan gida, abin da aka samu a fadama idan akwai. Wasu sun ɗauka haraji ya aiko ni, suka rage. Wasu sun ɗauka taimako za a kawo, su ma suka rage. Wani tsoho a Gangara ya kama hannuna ya kai ni bakin rumbunsa ya ɗaga murfin. Akwai kuma gurbin asali a takardar: gidan sarauta, malamai, fatake, talakawa manoma, masu sana'ar gado irin maƙera da mahauta, sai na ƙarshe, mutanen rinji, domin kusan kowane tsohon gari yana da nasa. Wannan gurbin ba a tambayarsa. Kowa ya san kowa. Ni nake cikewa bayan na bar gidan.

Gidan Nomau na bari kusan ƙarshe. Na same shi da rana a gindin wata bishiyar aduwa yana gyaran ƙotar fartanya da ba ta da aikin yi. Matarsa Hajo tana sauya ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Inna Tumba na zaune da 'yar Nomau, A'i, a cinya. Yarinyar ta isa gudu, amma ba ta sauka, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Nomau ya tashi ya rungume ni, ya yi ta juya takardun yana murmushi kamar nasa ne.

“Inna, ki ga ɗanki ya zama babban malam,” in ji shi. “Tambayi abin da kake so. Gona tana nan, ka san ta, daga kuka har hanyar Isa. Mu ukku muka nomanta.”

“Dami nawa kuka samu bana?”

“Rubuta kara.”

Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Da na gama ina naɗe takarda, sai ya rage murya don kada mata su ji.

“Wagga takarda, za ta kawo hatsi?”

“Ban sani ba, Nomau.”

“To, ba komi. Kai ta dai.”

Na ba Inna abin da ke aljihuna, na roƙi Baba a ƙara musu awo, ya kuwa ƙara. Sannan na koma jami'a.

A wancan zamani kwamfuta ɗaki guda take ci, kuma ba ka taɓa ta. Kowane gida sai ka mayar da shi kati mai huji-huji, ka ɗaure katunan ka miƙa ta taga, ka jira a dawo maka da doguwar takarda. Malamin da ke duba aikina wani dattijo ne mutumin kudu, mai haƙuri, ba ya son gaggawa. Awon farko ya nuna asali da samu suna tafiya tare ƙwarai, gidajen sarauta a sama, mutanen rinji can ƙasa. Ban damu ba, na ce ai don gonakinsu sun fi girma ne. Na sa girman gona. Tazarar ta ragu kaɗan ta tsaya. Na sa majiya ƙarfi, na sa dabbobi, na sa karatu, na sa nisan kasuwa. Tana nan. Makonni ina kai kati ina karɓo takarda, ina neman abin da zai share ta.

“Kada ka yi faɗa da ita,” in ji malamina. “Asali ba ya noma, ba ya zuwa kasuwa. Idan ka ga ya rage, akwai wata hanya da yake bi ya shiga aljihun mutum. Kai ne ɗan wurin. Me waɗannan suke da shi da waɗancan ba su da shi?”

A takardun na raba gonar tudu da ta fadama tun farko, amma wajen lissafi na haɗa su wuri ɗaya na kira su gona. Sai na raba su na sake kaiwa. Da takardar ta dawo, tazarar nan da ta ƙi motsi ta zube, ɗan abin da ya saura bai kai a dogara da shi ba. Ma'anarsa a fili take. A shekarar ruwa, tudu na ciyar da kowa, bambancin ba ya fitowa sosai. A shekarar fari tudu ba ya ba da komai, sai mai fadama kaɗai ke girbi. Fadama kuwa gado ce, kuma waɗanda kakanninsu ba su da ikon mallaka ba su gaji ko taki ɗaya ba. Malamina ya yi murna, ya ce aikin ya yi kyau. Ya kuma gargaɗe ni, kamar yadda ni ma na riƙa gargaɗin ɗalibaina daga baya, cewa layi yana nuna abubuwa suna tafiya tare ne kawai, ba ya rantsuwa a kan dalili. Na ce na ji. Amma ni ban buƙaci layi ya gaya mini dalili ba. Na san wanda ke da fadamar garinmu, gidanmu ne. Na fito na zauna a kan matakala da takardar a hannu har masu shara suka zo.

Da rani ya tsananta na dawo gida, na kai mahaifiyarku wurin iyayenta a Isa, lokacin tana da cikinki, Rabi. Na wuce Rinji kafin in shiga gari. Inna Tumba kaɗai na tarar. A'i ta rasu. Nomau ya binne ta, ya mayar da Hajo gidansu, ya hau motar albasa ya yi kudu neman dako, bai ce ga ranar dawowa ba. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa shafa hannuna tana cewa na rame. Daga Rinji zuwa gari hanya ta bakin fadama take bi. Ko'ina ƙasa ta ƙone ta yi fari, sai wannan tsiri kaɗai kore shar, ganyen albasa na sheƙi, jigo na ta kuka. Masu jan ruwan duka na san su. Mutanen Rinji ne, ana biyan su da yini.

Bayan la'asar na samu Baba a zaure, Yaya Ummaru na gefensa. Na durƙusa na gaishe su, sannan na nemi izinin magana. Na bayyana musu aikin a hankali, yadda na bayyana muku. Baba mutum ne mai saurare, bai katse ni ba har na kai ƙarshe.

“Ka sa bakin da ke ci gidan ga cikin lissahin naka?” ya tambaye ni.

“Na sa, Baba.”

“Ka sa albarka?”

“Ba ta aunuwa, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “To, mutanenmu na Rinji, na hana su hatsi?”

“Ba ka hana ba. Kowa shaida ne.”

“To mi kake so?”

“Hatsin da ake ba su yana ƙarewa ranar da aka ba su. Da suna da wurin da za su noma da rani, ko kaɗan ne, da ba su jira ƙwarya ba.”

Yaya Ummaru ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya tsaya a kan Baba yana zaune ba sai ran nan.

“Albasar wagga hwadama ita tab biya maka karatun da kaz zo kana auna mu da shi. Ni ka tashi da asuba, ni ka shiga laka. Kai kana can cikin inuwa kana huda takarda. Yau kai za ka gwada muna adalci?”

Abin da ya faɗa game da albasa gaskiya ne. Baba ya ɗaga masa hannu ya zauna. Sannan ya ce da ni, ba da faɗa ba:

“Hwadama ba tawa ba ta. Iske ta niy yi, barinta za ni yi. Ita ka riƙe gidan ga, gidan ga kau shi ka riƙe gari. Ran da nir raba ta, rumbun da kag ga ina buɗewa ya ƙare, kuma duk mai hwadama a ƙasar ga sai ya tashi kaina. Tashi ka tai ka huta.”

Na kwana biyu ina juya maganarsa, kuma har yau ban ce ba ta da gaskiya a cikinta ba. Ba ni da iko da fadamar gida. Amma akwai tsirin da aka yanka mini. Na hau keke na tafi Isa wurin mahaifiyarku, domin abincinta ne da na abin da ke cikinta nake shirin bayarwa. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na faɗa mata komai, har da A'i.

“In ka bayar, da mi za mu ci?” ta ce.

“Ɗan alawus ɗin makaranta, sai abin da Allah ya hore.”

Ta ajiye waken gefe. Sannan ta ce, “Inna Tumba uwarka ta. In ka bari, ba ka ƙara cin tuwon albasar nan da daɗi, ni kau za ni zamna da mutumin da ba ya cin tuwo. Ina da kwalla da kwanonin aure, ina ɗinkin hula. Tai ka ba su.”

Ta sayar da kwanonin aurenta ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo. Hulunan da ta ɗinka su suka kashe mata ido da wuri. Idan ana lissafin wanda ya ba da filin nan, a fara da ita.

Da na gaya wa Baba, mu biyu ne kaɗai. Yana kallon ƙofar zaure ya ce:

“Na ba ka, naka na. Ba ni karɓe kyauta. Amma ka san abin da kay yi? Ka hwaɗa ma gari ubanka azzalumi na, ko ba ka buɗe baki ba.”

“Ba haka nake nufi ba, Baba.”

“Na san ba haka kake nuhi ba. Haka za a ji.” Sannan ya ƙara da cewa, “In za ka yi, ka yi shi da kyau. Ba a ɓoye ba. A kira liman, a kira dattawa. Kada in mutu a ce aro na.”

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce Inna Tumba. Da na je mata da maganar, tsoro ne ya bayyana a fuskarta. Ta ce in rufa mata asiri, su sun saba da zamansu. Ta ce ni za ni koma birni, su kuwa da Ummaru za su kwana su tashi, wa zai tsare su? Sai da na ce mata Baba da kansa zai zo, sannan ta yarda a kira mazan unguwa.

Aka jira Yaya ya cire albasarsa. Da safe aka taru a bakin filin, liman da dattawan gari a gefe ɗaya, mutanen Rinji a ɗaya gefen, sun tsaya nesa kamar masu jiran a kore su. Baba ya zo a ƙasa da sandarsa, ga shi lokacin gwiwa ta fara damunsa. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya bi iyakar filin da ƙafarsa tun daga bakin rijiya har ya zagayo, ana kafa turaku a bayansa. Da ya dawo ya ce, ɗansa ya ba mutanen Rinji wannan wuri kyauta, su da 'ya'yansu, shi kuma ya shaida. Liman ya yi addu'a. Baba bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya sa takalminsa ya koma gida. Yaya Ummaru bai zo ba. Da yamma ya aiko mini da rabona na albasar ƙarshe, cif, ba tare da saƙon ko kalma ɗaya ba.

Kada ku ɗauka wani babban abu ya sauya. Filin ƙarami ne, gidaje kaɗan suka raba shi kuyya-kuyya, wato kunyar shuka ɗaya-ɗaya, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar tabarmi ba. Yunwa ta ci gaba da ɗaukar yara a Rinji har ruwa ya dawo. Ba wani mai fadama da ya yi koyi da ni, wasu ma sun daina amsa gaisuwata a kasuwa. Amma gidajen nan ba su watse ba, kuma daga wannan rani ba su sake jan ruwan wani da yini ba sai sun ga dama. Nomau ya dawo bayan damana biyu, ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya mayar da Hajo, ya karɓi kuyyarsa ya noma. Mun ci gaba da zumunci har ya rasu, amma bai taɓa ambaton A'i a gabana ba, ni ma ban taɓa ba. Aikina na jami'a ya samu karɓuwa, aka ɗaure shi da baƙin bango aka ajiye a kanta. Ban san ko mutum nawa suka buɗe shi ba.

Baba ya rayu wasu shekaru bayan haka. Idan na zo gida yana karɓata da kyau, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura, ya tambayi lafiyarku ɗaya-ɗaya. Amma yadda ake karɓar baƙo ne. Bai ƙara kirana shawarar gida ba, ni da a da ko rikicin iyakar gona ne sai ya aiko a tambaye ni. Wannan ya fi mini zafi a kan rashin filin, kuma na san shi ma yana jin zafinsa. Da ya rasu aka naɗa Yaya Ummaru. Ba a yi arba'in ba 'yan uwa suka taru a kansa, suka ce ga dama ta samu, ya karɓe filin ya mayar cikin gandu. Ba na wurin, liman ne ya ba ni labari. Ya ce Yaya ya bar su suka gama, sannan ya ce shi bai yarda da abin da na yi ba, kuma ba zai yarda ba har ya mutu, amma wurin da Baba ya taka da ƙafarsa ba mai cire turkensa yana raye. Haka kuwa aka yi. Duk tsawon sarautarsa ba wanda ya taɓa mutanen nan. Ni kuma bai ƙara yi mini magana ba. Sunanku, aurenku, rasuwar mahaifiyarku, yakan aiko da wakili da abin da ya dace, amma shi bai zo ba. Don haka ina roƙonku abu biyu. Kada wani cikinku ya je neman filin nan da sunan gado, ko da an zuga shi. Kuma kada ku riƙe Yaya Ummaru da mugun nufi, ku riƙa zuwa gaida 'ya'yansa.

Da ciwon ajalinsa ya kama shi aka aiko mini, ba da saƙonsa ba, babban ɗansa ne ya yi gaban kansa. Na tafi ban san ko za a bar ni in shiga ba. Na same shi kwance a ɗakin da Baba ya yi jinya, ya ƙanƙance, gemunsa fari fat. Na yi sallama daga bakin ƙofa na tsaya. Ya juyo da kai a hankali, ya daɗe yana dubana, kamar yana neman yaron da ya sani a cikin fuskar tsohon da ke tsaye.

“Ka zo?”

“Na zo, Yaya.”

Ya ja ƙafarsa gefe, ya bar wuri a bakin gadon.

“Zamna.”

Na zauna. Muna nan har aka kira magariba, sai ya miƙo mini hannu in tashe shi ya yi alwala.